Tsohuwar Kyanwa da Baƙuwar Gida: Shin Wanda Ya Riga Zuwa Shi Ke da Gida?

Gabatarwa

Duk gidan da aka daɗe ana kiwon kyanwa, sa'an nan wata rana aka kawo mata ƙarama, an san abin da yakan biyo baya. Kyanwar da kowa ya shaide ta da sanyin hali, wadda yara kan ja wa wutsiya ba ta ko ɗaga kai, sai ta rikiɗe nan take. Ta kwantar da kunnuwa, gashin bayanta ya miƙe, ta wage baki tana huci kamar kububuwa. In ƙaramar ta kuskura ta matso, sai ta sha mari, wani lokaci har da yakushi da cizo. Abar da ake yi wa wannan fushi kuwa ba ta fi cikin tafin hannu biyu ba, ba ta ci wa kowa komai ba, iyakarta dai an ɗauko ta daga wajen uwarta an ajiye ta a tsakar gidan da ba ta sani ba.

Mutanen gida sukan yi saurin yanke hukunci. Yara su ce tsohuwar muguwa ce. Mata su yi dariya su ce kishi ne, ashe ba kumallon mata kaɗai ba ne. Maigida kuwa yakan ɗauki takalmi ya raba gardama. Manufar wannan maƙala ita ce mu dakata da hukuncin tukuna, mu dubi abin da ke faruwa a tsanake, domin a cikin wannan ƙaramar rigima akwai tsohuwar tambaya wadda ta daɗe tana wahalar da 'yan Adam: shin wanda ya riga zuwa wuri, wane haƙƙi yake da shi a kan wanda ya zo daga baya? Kuma idan suka saɓa, a wuyan wa alhakin yake?

Abin da Kyanwa Take Ji

Kafin mu tuhumi kyanwa, ya kamata mu san wace ce ita. Masana halittu sun tabbatar da cewa kyanwar gida jikar kyanwar daji ce ta Afirka da Gabas ta Tsakiya, dabba mai farauta ita kaɗai, wadda ba ta san garke ba. Hatsi ne ya haɗa ta da mutum: mutum ya gina rumbu, ɓera ya bi hatsi, kyanwa ta bi ɓera. A tsibirin Kubrus an tono wani kabari mai kimanin shekara 9,500 inda aka binne mutum da kyanwa a gefensa, wanda ya nuna cewa zaman nan ya daɗe. Amma duk daɗewarsa bai shafe halin asali ba. Kare ya gaji zaman ƙungiya daga kyarkeci, ya san shugaba, ya san yadda ake ƙasƙantar da kai a nemi sulhu. Kyanwa ba ta gaji irin wannan ba. Abin da ta gada shi ne yanki: wurin da take farauta, da wurin da take kwana, da hanyoyin da ke tsakaninsu. Ga mafarauciyar da ba ta da mataimaki, raba yanki da wata daidai yake da raba abinci, kuma rauni ɗaya da za ta samu a faɗa yana iya hana ta farauta har yunwa ta kashe ta. Saboda haka hucin nan da muke gani yawanci gargaɗi ne, ma'anarsa a ja da baya kada a kai ga faɗa.

Abu na biyu shi ne, kyanwa da hanci take sanin nata. Tana da wasu ƙananan kafofi a kumatu da haɓa da goshi da gindin wutsiya masu fitar da wani wari wanda hancinmu ba ya kamawa. Idan muka ga tana goga kumatu a ƙafar gado ko bakin ƙofa ko ƙaurin maigida, sa hannu take yi a kan kayanta. A gandarta kuma akwai wata gaɓa ta musamman da take tantance irin wannan wari, shi ya sa wani lokaci takan shinshina abu ta tsaya da baki a ɗan buɗe. Kyanwoyin da ke zaman lafiya a gida ɗaya sukan gogi juna, su lashi juna, su kwanta a kan tsumma ɗaya, har warinsu ya gauraya ya zama ɗaya. Wannan shi za mu kira warin gida. Duk mai ɗauke da shi ɗan gida ne, wanda ba shi da shi kuwa baƙo ne, komai ƙanƙantarsa.

Likitocin dabbobi sun san wani al'amari da ya ƙara fito da wannan fili. Kyanwoyi biyu 'yan ciki ɗaya, sun tashi tare, sai a kai ɗaya asibiti ta kwana. Ranar da aka dawo da ita, 'yar'uwarta takan tare ta da huci da mari kamar ba ta taɓa ganinta ba, saboda ta dawo da warin magani da na hannuwan baƙi. Jininsu bai sake ba, kamanninsu ba su sake ba, amma sai an yi kwanaki warin gida ya koma jikinta kafin a sake karɓarta. Haka nan uwa da kanta, bayan ta yaye 'ya'yanta a wajen mako 8, sau da yawa takan fara yi musu huci tana ture su. A ɗaya gefen kuma, David Macdonald na Jami'ar Oksfod da abokan aikinsa, da suka bi diddigin kyanwoyin gonaki a Ingila, sun ga cewa inda abinci ya wadata, mata sukan zauna ƙungiya, su haɗa 'ya'yansu a wuri ɗaya, kowace ta shayar da na 'yar'uwarta. Ashe dabbar nan da ta gaji kaɗaici tana iya zumunci, muddin cikinta ya cika kuma hancinta ya saba.

Ko Akwai Zalunci a Nan?

Idan muka ce wani ya yi zalunci, muna nufin ya san haƙƙin wani, yana da ikon kiyaye shi, amma ya zaɓi ya take. To kyanwa ba ta san ƙaramar marainiya ce ba. Ba ta san an raba ta da uwarta jiya ba. Ba ta san maigida yana da kuɗin da zai ciyar da su duka biyu ba, balle ta san cewa babu mai niyyar korarta. Abin da ta sani kawai shi ne wani baƙon wari ya bayyana a kusa da kaskonta. Wanda ba shi da hanyar sanin abu, ba a kama shi da laifin rashin aiki da shi. Don haka kalmar mugunta ba ta hau kanta ba, kamar yadda ba ta hau kan ƙaya da ta soki ƙafa ba.

Sai dai wanke kyanwa daga laifi ba ya nufin babu cuta a wurin. Ƙaramar tana iya jin rauni na gaske, kuma cizon kyanwa yakan rufe da sauri a sama ya yi ƙurji a ciki. An ma shaidi muzuru baƙo ya kashe jariran da ba nasa ba. Ita ma tsohuwar tana cikin wahala, ko da yake tata ba ta cika jawo tausayi ba: takan daina cin abinci, ta ɓuya a ƙarƙashin gado, ta riƙa fitsari a inda ba ta saba ba don ta ƙarfafa warinta, wata ma ta bar gidan gaba ɗaya. Ga cuta a ɓangare biyu, ga shi kuma babu mai laifi a cikin biyun. Dole ke nan mu ɗaga ido mu nemi na uku, wato wanda ya haɗa su.

Haƙƙin Wanda Ya Riga Zuwa

Kafin mu je kan na ukun, bari mu ba tsohuwar haƙƙinta, domin akwai gaskiya a cikin tsoronta. Bahaushe ya ce amarya ko ta buzuzu ce ɗokinta ake yi. Ranar da ƙaramar ta zo, ita ake ɗauka, ita ake ba madara, ita ke kwana a cinyar da tsohuwar ta saba kwana. In ta yi ɓarna a yi dariya, amarya ba kya laifi. Tsohuwar da ta yi shekaru tana tsare rumbu da ɗakin girki daga ɓeraye, sai a wayi gari ba a tuna da ita sai lokacin tsawa. A gidaje da yawa ma ƙarshen labarin shi ne a sa ta a buhu a kai ta kasuwa ko bayan gari a sake ta. Idan haka ne, hancinta bai yi mata ƙarya ba da ya gaya mata cewa wannan baƙuwa barazana ce.

Saboda haka riga zuwa yana ba da haƙƙi na gaske. Wanda ya daɗe a wuri ya zuba wahalarsa a ciki, ya gina rayuwarsa a kan tsarin wurin, kuma ba daidai ba ne a rushe masa tsarin nan dare ɗaya ba tare da an dube shi ba. Al'adarmu ta gane wannan tun tuni. Shi ya sa mai ƙarin aure yakan yi wa uwargida kayan faɗar kishiya kafin amarya ta tare, a kuma tara su a damƙa mata girman gida. Kayan ba sa sayen zuciya, kowa ya sani, amma shaida ce a gaban jama'a cewa zuwan sabuwa bai soke matsayin ta farko ba. Haka kuma uwa mai hankali, idan ta haihu, takan jawo babban ta ce masa ga ƙaninka, ta ɗora masa jaririn a cinya, don kada ya ɗauka an yi masa canji.

Amma ina iyakar wannan haƙƙi? A ganinmu haƙƙi ne na kada a ture ka, kada a rage maka abin da ka dogara da shi, kada a wulakanta ka. Bai kai ya zama haƙƙin hana wani rayuwa a gefenka ba. Dalili kuwa shi ne, riga zuwa ba aikin kowa ba ne. Tsohuwar kyanwa ita ma a cikin kwali aka kawo ta wata rana, tana kuka, ba ta san kowa ba. Masanin falsafar nan na Jamus, Kant, ya taɓo wannan a 1795 a cikin rubutunsa kan dawwamammen zaman lafiya, inda ya kafa hujja da cewa tun da ƙasa dunƙulalliya ce mai iyaka, mutane ba za su yi ta watsuwa har abada ba, tilas su haƙura da juna, kuma a asali babu wanda ya fi wani haƙƙin kasancewa a wani wuri. Bai ce dole a ba baƙo ɗaki ba. Abin da ya tsaya a kai shi ne kada a tare shi da gaba don kawai ya iso.

Alhakin Maigida

Tsohuwar ba ta gayyaci kowa ba, ƙaramar kuma ba ta kawo kanta ba. Maigida ne ya yanke shawara, shi ke da abinci, shi ke da ɗakuna, shi kaɗai ne kuma ya san labarin kowacensu. Don haka alhakin yana wuyansa. Babban kuskuren da ake yi shi ne a sauke ƙaramar a gaban babbar a ce su saba, sa'an nan in babbar ta yi huci a doke ta. Dukan ba ya koya mata komai illa cewa duk lokacin da wannan baƙuwa ta bayyana, zafi na biye da ita. Mai dukan yana ganin yana kare mai rauni ne, alhali ƙiyayyar yake shayarwa.

Hanyar da masana halayyar dabbobi suka yi ittifaƙi a kanta tana bukatar haƙuri. Da farko a keɓe ƙaramar a ɗaki ɗaya da abincinta da ruwanta da kaskon yashinta, a bar wa babbar sauran gidan yadda ta saba. A riƙa goga tsumma a kumatun wannan a ajiye wa waccan, a musanya musu shimfiɗa, har kowace ta san warin 'yar'uwarta kafin ta ga fuskarta. Sai a riƙa ba su abinci lokaci ɗaya, ƙyaure na tsakaninsu, domin baƙon warin ya riƙa zuwa tare da abin daɗi. Bayan kwanaki a ɗan buɗe ƙyauren su hangi juna, daga nan a bar su su haɗu na ɗan lokaci ana kallo. Ko bayan sun saba, kowace a bar mata kaskonta nesa da na ɗayar, a kuma tanadi wuri mai tudu inda babbar za ta haye idan ƙiriniyar ƙaramar ta ishe ta. Abin yakan ɗauki makonni, wani lokaci watanni. Sannu ba ta hana zuwa.

Idan muka duba da kyau, wannan tsari bai nemi kyanwa ta sake halinta ba. Abu biyu kawai ya yi: ya cire dalilin tsoro ta hanyar wadata kowa, ya kuma ba warin gida lokaci ya game su. Sa'an nan bai yi alkawarin soyayya ba. Wasu kyanwoyin sukan zama aminai har su kwana a rungume. Wasu kuwa iyakar abin da za a samu shi ne zaman 'yan marina, kowa da inda ya fuskanta. Paul Leyhausen, Bajamushen da ya yi shekaru yana nazarin kyanwoyi, ya lura cewa maƙwabta daga cikinsu sukan yi amfani da hanya ɗaya a lokuta dabam-dabam, wannan ta wuce, waccan ta jira. Wannan ma zaman lafiya ne, kuma maigida mai adalci ba zai raina shi ba. Ba a tilasta ƙauna, amma ana iya tsara gida yadda babu wanda zai kwana da yunwa ko fargaba.

Mu da Warin Gida

Mai karatu ya riga ya gane cewa ba kyanwa kaɗai muke magana a kai ba. A cikin Muƙaddimarsa ta 1377, Ibn Khaldun ya yi dogon bayani a kan asabiyya, wato ƙarfin da ke ɗaure jama'a su ji su ɗaya ne. Ya nuna cewa ko da yake tushenta dangantakar jini ce, amfanin nasaba shi ne kusancin da take haifarwa, kuma ƙawance da jiɓinta da daɗewar cuɗanya suna haifar da irin wannan kusanci. Wannan shi ne warin gida na 'yan Adam. Zama ne ke yin sa, kuma abin da zama ya yi wa na farko zai iya yi wa na baya.

Mun san haka, amma dubi yadda muke yi. Ɗalibin da ya sha gwale-gwale a hannun manya a shekararsa ta farko a makarantar kwana, shi ne ke ɗokin shekara ta zagayo ya rama a kan sababbi, waɗanda ba su yi masa komai ba. A jami'a tsofaffin ɗalibai sukan yi wa sabon shiga kallon ɗan ƙauye, sun manta ranar da su ma suka tsaya da fayil a hannu suna tambayar hanyar ofishin rajista. A wuraren aiki, har da namu na koyarwa, akan sami babba ya ɓoye wa ƙarami littafi ko hanya, don yana ganin hasken yaron zai dushe nasa. Masu iya magana sun ce laifin babba rowa, laifin yaro ƙiwuya, kuma sun yi adalci da suka ambaci duka biyu, domin akwai sabon zuwa mai hawa wutsiyar na gaba da shi, wanda bai iya sallama ba, yana ganin tarihin wuri ya fara ne ranar da ya iso.

A matakin ƙasa kuwa abin ya fi nauyi. A zamanin mulkin mallaka aka keɓe Sabon Gari a Kano wajen 1913 domin baƙi daga kudu, aka kuma keɓe Sabo a Ibadan a 1916 domin Hausawa. Bahaushe ke nan ya zama tsohuwar kyanwa a wani gari, baƙuwa a wani. Keɓewa, kamar yadda muka gani, matakin farko ne na sabo, ana yin sa ne da niyyar buɗe ƙyaure daga baya. Mu kuwa an rufe ƙyauren an tafi da mabuɗin, muka gaji rufin muka mai da shi ƙa'ida. Har yanzu ɗalibin da aka haifi kakansa a gari yana iya neman takardar shaidar zama ɗan asalin ƙaramar hukuma a ce masa ya tafi garin da bai taɓa gani ba ya karɓo. Rikicin Jos na 2001 da waɗanda suka biyo bayansa sun nuna mana inda gardamar ɗan ƙasa da baƙo take kaiwa idan guraben karatu da aiki da sarauta suka zama kasko ɗaya da kowa ke tsoron a riga shi. A nan ma ɗan gari yana da tsoro na gaske wanda bai kamata a yi masa dariya ba, baƙo yana da haƙƙi na gaske wanda bai kamata a take ba, kuma mafi girman alhaki yana kan masu riƙe da rumbu, waɗanda sau da yawa sukan sami riba a cikin hucin.

Sai dai akwai inda misalin ya tsaya. Mun wanke kyanwa ne saboda ba ta sani ba, kuma ba ta tuna ranar da aka kawo ta. Mu muna tunawa. Muna iya tambayar baƙo labarinsa, muna iya ƙirga abin da ke cikin rumbu mu gane ko tsoronmu yana da tushe. Mutumin da ya ce ai haka halitta take, ko dabba ma tana kore baƙo, ya ari uzurin da ba nasa ba ne. Ƙyamar da ke tasowa a zuci idan baƙon wari ya shigo, wataƙila ba mu da iko a kanta. Abin da muka yi bayan ta taso, wannan namu ne, kuma a kansa za a tambaye mu.

Kammalawa

Mun fara da tambayar ko wanda ya riga zuwa shi ke da gida. Amsar da muka iso gare ta ita ce yana da haƙƙin a girmama shi, a tabbatar masa da kaskonsa da makwancinsa, a kuma ba shi lokaci. Ba shi da haƙƙin rufe ƙofa har abada, domin shi ma buɗe masa aka yi. Na baya yana da haƙƙin a kare shi daga farce da haƙori, a kansa kuma akwai sallama da sanin girman wanda ya tarar. Wanda ya haɗa su kuwa, ko maigida ne ko shugaban makaranta ko hukuma, ba ya kuɓuta da cewa ai su ne ba sa jituwa, tun da shi ke da abinci da ɗakuna da mabuɗi.

Bahaushe ya ce baƙo raɓa ne, ya kuma ce baƙonka annabinka. Karin maganar farko tana kwantar wa ɗan gari hankali cewa baƙo zai tafi, ta biyu tana tuna masa nauyin da ke kansa kafin ya tafi. Abin da ba su faɗa ba shi ne wani baƙon ba ya tafiya, yakan zauna ya haihu ya tsufa, har wata rana a kawo wata ƙarama a cikin kwali a ajiye a gabansa. Ɗalibanmu da suka shigo bana, baɗi su ne tsofaffi. Muna fatan idan ranar ta zo za su tuna da tasu ranar farko, su nuna wa na baya hanyar ofishin rajista.